Igiyar Awon Ido da Turmin Inna Dije

Ƴan fadarmu ta gindin dogon-yaro, da duk wanda labarin nan ya iske, ina gaishe ku. Ni ne dai Kyari mai shela na Magariya, wanda kuka sani. Kun kuma san abin da nake faɗa muku kullum in shayi ya kai zagaye na biyu: daga nan har Damagaram ba a haifi mai ido irin nawa ba. Ni nake ganin jinjirin wata tun yana shawarar ko ya fito ko ya bari sai gobe. Ni na taɓa hango kwarkwata a hular wani ɗan kabu-kabu yana can tsallaken iyaka, har na gane mace ce. Shi ya sa da aka aiko daga meri, wato ofishin magajin gari, ana neman wanda zai raka masu awon idon tsofaffi ƙauyuka, ban yi mamakin da aka zaɓe ni ba. Na ce wa iyali ai gwani aka nema ya duba aikin likitoci.

Tashi daga Magariya

Ana idar da sallar asuba muka tashi, gari bai gama wayewa ba. Lokacin kaka ne, damman gero jibge a gonaki, ko'ina ƙamshin harawa. Mu uku ne cikin wata farar mota kat-kat: Likita Mariyama, likitar ido daga Damagaram, ƴar siririya marar yawan magana, da sofer Ila, direbanmu, wanda ya ɗauke mata nauyin maganar duka, sai ni a baya, tsakanin tabarmi da jarkar ruwa.

A hanya Likita ta bayyana mini aikin. An zaɓi garuruwa da ƙuri'a. A kowane gari za mu bi gida-gida, duk wanda ya kai shekara hamsin a auna ganinsa, in ya ragu a gano abin da ya rage shi, don hukuma ta san yawan masu matsalar da irin maganin da za ta tanada. Nawa aikin shi ne shela, da tafinta in an haɗu da Fulani, da riƙe kwali.

Na ce, "Kwali kawai, Likita? Mutum kamata?"

Ta ce, "Kwali da igiya, Malam Kyari."

A shingen bakin gari wani jandarma ya karɓi takardar aikinmu. Ya miƙar da hannu can nesa, ya ƙanƙance ido, ya ƙara miƙarwa, kamar takardar tana wari. Ila ya ce, "Shef, ko in riƙe maka ita daga Dungas?" Shef ya harare shi. Likita ta leƙo ta ce masa ba ciwo ba ne, shekaru ne, tabarau na karatu zai gyara. Ya ɗaga mana sanda har da sara mata.

Sassumburum

Da hantsi muka shiga wani ƙauye na yankin Sassumburum. Muka gaida mai gari, aka kawo koko da ƙosai, na ɗauki amsa-kuwwa na zaga gari. Kafin in dawo dandali ya cika.

Ga kayan awon, don ku san abin da ya kunyata ɗan'uwanku. Igiya ce mai tsawon mita shida, da ƙulli a tsakiyarta. Wanda ake aunawa yana riƙe da baki ɗaya, mai kwali yana ɗaya bakin. A kwalin akwai wata baƙar alama mai ƙafa uku, kamar matajin kai da haƙoransa suka zube saura uku. Ana juya ta, mutum ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, ya nuna inda ƙafafun suka dosa: sama, ƙasa, dama ko hagu. Akwai babba, akwai matsakaiciya, akwai ƙarama. Ba ruwanta da ko ka yi lakwal, wato karatun boko.

Tsofaffi suka yi cirko-cirko, ba mai son farawa. Likita ta ce, "Malam Kyari, zo a gwada da kai su gani."

Na gyara hula, na ce wa jama'a su buɗe ido su ga yadda ake gani. Ila ya riƙe kwali. Idon dama ya yi abin kirki har matsakaiciya. Da aka zo na hagu, wallahi sai na ga Ila ya zama Ila biyu, kowanne riƙe da ɗan baƙin ƙuda. Na nuna sama. Yara suka kwashe da dariya. Na nuna dama. Wata tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, ni da na haifi sa'ar uwarka ina ganinta daga nan, ƙasa take kallo!"

Na ce rana ce ta haske mini ido. Likita ba ta yi musu ba. Ta ɗora mini wani baƙin faifai mai ɗan huji kamar na allura, ta ce in leƙa. Jama'a, sai ga ƙafa uku tsaf, har da ƙurajen goshin Ila. Ta ce duk wanda ganinsa ya gyaru ta hujin nan, tabarau yake bukata. Ila ya ce, "To Malam Kyari, ita waccan kwarkwatar, ko namiji ce?" Ban kula shi ba. Amma faɗuwata ta yi amfani: da tsofaffi suka ga mai amsa-kuwwa ya sha ƙasa bai mutu ba, sai suka shiga ture juna.

Muka bi gidaje har la'asar. Sanin shekaru ma aiki ne. Ka tambayi tsohuwa, ta ce talatin, jikanta mai gemu yana tsaye a gefe. Sai an bi ta da lissafin ko ta yi aure kafin babbar yunwa ko bayanta. Wanda ya kasa gani a bakin igiya, sai in matso wurin ƙulli. In ya kasa nan ma, Likita ta ɗaga masa yatsu kusa da fuska. Daga nan ta kunna ƴar tocilarta ta leƙa cikin idon kamar mai leƙa rijiya.

Ni da na ɗauka makanta iri ɗaya ce, ranar na ga iri-iri. Akwai yana, wadda ke sa ƙwayar ido ta yi fari kamar an ɗiga nono. Akwai hakiya. Akwai amodari, mai juyar da gashin ido ciki yana kartar ido. Wata baiwar Allah har da ɗan hantsaki a rataye a wuya, da shi take tsige gashin kowace safiya. Abin da ya fi tsaya mini a rai wani dattijo ne mai ido garau kamar na yaro, amma ko hasken tocila bai gani. Likita ta ce hawan jinin ido ne ya kashe jijiyar, ba ya dawowa. Ta daɗe riƙe da hannunsa, sannan ta sa aka kira ƴaƴansa ta ce lalle su je a duba nasu tun da wuri. A gidan da ke kusa kuma wani tsoho ya leƙa ta hujin faifai, ya hango rumbunsa, ya yi salati, ya ce a sayar masa da faifan ko da akuya ne. Da ƙyar muka ɓamɓare shi daga hannunsa.

Muka kwana a farfajiyar ɗakin shan magani, bayan tuwon gero da miyar kuka wanda ya isa ya kwantar da raƙumi.

Dungas da Guci

Muka komo ta Magariya muka miƙi gabas. Hanyar Dungas kun san ta: in mota ba ta girgiza maka hanji ba, rairayi ya riƙe ta. Sau biyu muna kafewa. Ila yana ciki yana ba da umarni, ni ina baya ina turi, har na rantse na tura motar nan fiye da yadda ta ɗauke ni. A Dungas muka kai gaisuwa inda ya kamata, muka yi aiki a unguwa ɗaya, muka ci tsire mai ƙuli a tasha, washegari muka wuce Guci.

Guci ranar kasuwa muka same ta. Ga rake daga kwari, ga goruba tuli-tuli, ga ƴan matan Fulani da ƙoren nono. Gidajen da ƙuri'a ta faɗa wa suna dab da kasuwa, don haka ƴan kallo sun fi waɗanda ake aunawa yawa. Cikinsu na lura da wata tsohuwar Bafillata, doguwa, da ƙwarya a kai. Ba ta sayar da nono, ba ta tafi ba. Duk juyin da na yi wa kwali idonta yana kai. Na ce mata, "Inna, ko kina so ki saya ne?" Ta ja gyale ta wuce abinta.

Rugar Ardo Sambo

Wurin ƙarshe a yankin wata ruga ce bayan tudun rairayi, inda mota ba ta shiga. Washegari muka bar Ila da kat-kat, ni da Likita muka hau amalanken shanu, muka isa rana ta ɗaga.

Ardo Sambo muka tarar a inuwar gawo, kan buzu, da rawani da malafa har gira. Dattijo ne dogo, a zaune ma ya kusa kai ni tsaye. Shi ne mai raba gardama tsakanin makiyaya da manoman yankin. In shanu sun shiga gona, shi ake kira ya je ya ga ɓarnar ya faɗi abin da za a biya, kuma kowane ɓangare ya yarda. Kun san ni Babarbare ne, tsakaninmu da Fulani sai wasa. Ina yin sallama na ce, "Ina bayina? Ubangidanku ya zo karɓar nono."

Ardo ya ce, "Lale da bawa. Kakanka da goran nono ɗaya muka saye shi, har aka yi mana gyara da ƙaninsa."

Aka yi dariya, aka shimfiɗa mana tabarma. Wani saurayi ya zo wucewa ya ce, "Ardo, ni ne Ja'e, ka ga baƙin nan biyu, mace da namiji, da jaka a hannunsu." Ardo ya ce, "Na gan su." Ban kawo komai a raina ba, na ɗauka ladabin Fulani ne.

Aka fara awo. Wadda ta fara fitowa ita ce tsohuwar nan ta kasuwar Guci. Ashe matar Ardo ce, Inna Dije. Ta cinye har ƙaramar alama, ido biyun duka, ta koma gefe wurin turminta ta ɗauki taɓarya. Aka auna sauran. Ardo ne na ƙarshe. Ya miƙe, aka sa masa bakin igiya a hannu, ya rufe ido ɗaya.

Na ɗaga babbar alama. Ya nuna sama, daidai. Na juya. Hagu, daidai. Na ɗauko matsakaiciya, ya cinye. Na ɗauko ƙarama, wadda ni ko da ido biyu da addu'a ba na gani, ya cinye ta kamar shi ya zana. Na ce, "Kai! Bafillace, idon shaho aka dasa maka?" Jama'ar ruga suka yi ta murmushi.

Likita ta matsa ta ce, "Baba, a ɗan ɗaga malafa." Ta haska tocila, dama, hagu. Ta daɗe. Na matso na leƙa ta bayan kafaɗarta. Ƙwayar ido biyun fari fat. Ta kashe tocila ta ce a hankali, "Malam Kyari, a sake na dama."

Na koma bakin igiya. Wannan karon na buɗe kunne. Na juya alama sama: tim, taɓarya sau ɗaya, hannun Ardo ya yi sama. Na juya ƙasa: tim, tim. Na juya dama: Inna Dije ta cilla taɓarya ta tafa. Na juya hagu: ƙwas, ta bugi bakin turmi. Na dubi gindin turmin. Kaji suna yawo ko'ina a rugar nan, babu ko ɗaya a wurin. Ba ƙwayar hatsi a ciki.

Na buɗe baki, kun san bakina ba ya jiran izini, sai Likita ta ce, "Malam Kyari, naɗe igiya. Mun gode, Baba."

Muka koma gefe kamar masu shan ruwa. Ta ce, "Ka ji abin da na ji?" Na ce na ji. Ta ce, "Ba zan rubuta yana gani ba, ƙarya ce. In kuma na faɗa a gaban mutanensa, na tsiraita shi. Yanar ido ce, kuma ta nuna, irin wadda ake cirewa. Abokan aikina suna asibitin Magariya wannan makon suna yin aikin. In ya bari ta wuce haka, tana iya kashe idon gaba ɗaya. Amma sai ya yarda an auna shi da gaskiya."

Na zauna ina kallon rugar da sabon ido. Hanyar da ta tashi daga bukkarsa zuwa wurin salla an share ta tas, an jera kara gefe da gefe. Babu turke ko ɗaya a tsakar gida. Duk wanda ya doso shi, babba da yaro, sai ya faɗi sunansa cikin gaisuwa. Wata mata ta ce, "Ardo, ka ga jar saniyar nan ta kusa haihuwa," ya ce, "Na gani." Ruga guda ta zama idon mutum ɗaya, kuma da na ɗan taɓa wani dattijo da maganar, sai ya dube ni kamar na yi ashar a masallaci, ya ce Ardo lafiyarsa lau. Ba su taɓa faɗa wa juna ba. Ɗa ba zai faɗa ba, ƙane ba zai faɗa ba, mata balle. Ni na ga abubuwan mamaki a duniya, waɗansu ma da gaske na gan su, amma ban taɓa ganin irin wannan ba.

Likita ta ce, "Kai fa? Na ji kuna zagin juna tun ɗazu ba wanda ya yi fushi."

Gaskiyarta. Abin da jini ba zai iya faɗa ba, abokin wasa yana iyawa. Na tashi na ce da ƙarfi, "Ardo, taso ka nuna wa ubangidanka shanun da kake yi masa kiwo." Na kama hannunsa kamar yadda abokai ke yi, muka nufi garke. Da muka yi nisa da kunnuwa na tsaya.

Na ce, "Ardo, tun da aka halicci Babarbare da Bafillace, an taɓa kai ƙarar wasa gaban alƙali?"

Ya ce, "Ba a taɓa ba."

Na ce, "To kai makaho ne."

Wallahi ji na yi kamar shanun ma sun daina tuƙa. Na fara duba inda zan bi in sanda ta tashi. Can ya yi wata ƴar dariya ya ce, "Damina nawa ina jiran in ji wanda zai faɗa. Ashe bawa ne."

Ya ce in an kira shi ganin ɓarna, yakan dafa kafaɗar ɗan ƙaninsa, ya bi gonar da ƙafa yana taɓa karan da aka karya, sauran a raɗa masa. Ya ce, "Ranar da aka ce Ardo ba ya gani, manomi zai ce bai yarda da hukuncin makaho ba. Ranar nan sanda za ta fito, kuma ka san kaka ce." Na ce ai shi ya sa za a cire yanar. Ya girgiza kai. Ya ce yayansa ma yanar ido ce ta kama shi, wani mai yawo da allura ya zo ya ture masa ita, ya ga haske kwana kaɗan, daga nan ido ya kumbura, ya mutu yana kukan zafi. "Ni yanzu ina bambance dare da rana. Ka bar mini wannan."

Na yi rantsuwa, na yi bayani, na ce na asibiti daban ne, har na ƙara da cewa an yi wa mutum dubu a gabana, alhali ko ɗaya ban gani ba. Ya ce a'a.

Sai ga Inna Dije da ƙwaryar fura. Ta durƙusa ta ajiye, ta juya masa gefe, don ba ta duban fuskarsa gaban baƙo, ba ta kuma kama sunansa. Da ni ta yi magana.

Ta ce, "Babarbare, ka gaya wa mai rugar nan kafaɗata ta mutu. In ya fita, da turmi nake kiransa gida. In baƙo ya doso, da turmi nake gaya masa. Ban gaji da shi ba. Amma ka tambaye shi, in na riga shi tafiya, wa zai daka masa?"

Ta tashi ta tafi. Ardo ya juya fuska wajen da takunta ya bi, har ya daina jin sa. Ya ce, "Kira likitar. Nan, bayan shanu."

A nan aka yi awon gaskiya, ba turmi. Bakin igiya, babu. Wurin ƙulli, babu. Yatsu a gaban hanci, babu. Likita ta haska tocila daga sama, ya nuna sama. Daga gefe, ya nuna gefe. Ta ce, "Alhamdu lillahi, Baba, jijiyar tana da rai. Ban yi maka alkawarin abin da ke hannun Allah ba, amma ina da kyakkyawan zato." Ta shigar da abin da ta samu yadda yake.

Da muka komo inuwar gawo, Ardo ya ɗaga murya ya ce wa jama'arsa, "Zan raka bawan nan Magariya, kada ya ɓace a hanya, an ce idonsa na hagu ba ya aiki. Ita ma ta zo, tana son sayen kanwa." Inna Dije yake nufi. Ba wanda ya yi tambaya. Amma kafin amalanke ya tashi, na ga dattijon nan da ya ce Ardo lafiyarsa lau ya juya baya yana goge fuska da bakin rawani.

Komawa gida

Mun yi sallar la'asar a Guci, muka kwana Dungas, washegari kafin azahar muka shigo Magariya. Duk tsawon hanya Ila bai yi ba'a ko ɗaya ba, abin da ban taɓa zaton zan gani ba. Na sauke su a gidana. A bakin zaure akwai ɗan tudu. Kafin in yi magana na ji Inna Dije ta ƙwanƙwasa ƙwaryarta da ɗan yatsa sau ɗaya, Ardo ya ɗaga ƙafa ya haye kamar gidan ubansa. Iyalina ta yi musu tuwo, ya ci ya ce ba laifi, ga abincin bayi.

Da safe muka kai shi asibiti. Tsofaffi jere a baranda, kowa da ɗan rakiyarsa. Aka ce idon dama za a fara yi, na hagu sai wani zuwan. Da aka shiga da shi, Inna Dije ta zauna a ƙasa ta jingina da bango, hannunta yana bugun gwiwarta shi kaɗai. Ni kuwa na ja carbi har ya yi zafi, don ni na yi wa mutumin nan rantsuwa. Ba a daɗe ba aka fito da shi da farin ƙyalle a ido, aka ce sai gobe a buɗe.

To ƴan fada, ga ni na dawo gida lafiya, ba abin da ya ragu a jikina sai fatar kafaɗa da turin mota ya ci. Na gode wa Allah da ya kai mu ya komo da mu. Na gode wa Likita Mariyama da ta koya mini riƙe kwali da riƙe baki, da masu garin da suka sauke mu, da matan da suka ciyar da mu, har da Ila, duk da halinsa. Saura in gaya muku yadda aka buɗe idon.

Tun da sassafe na saka babbar rigata ta salla, na shafa turare. Na ce a raina, mutumin nan ya daɗe bai ga ɗan Adam ba, ya kamata ya fara da wanda ya yi masa hanya. Da majo, ma'aikacin jinya, ya zo cire ƙyallen, na ture kowa na tsaya dab da gaban gadon, na buɗe ƙirji. Aka ɓare a hankali, aka goge idon. Ardo ya ƙifta, hawaye ya zubo, ya sake ƙiftawa. Ya ɗaga hannunsa ya juya shi gaba da baya, yana kallon yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, leɓensa yana motsi. Sannan ya ɗago ya dube ni, tun daga hula har takalmi.

Na ce, "Ardo, ka gan ni? Ni ne ubangidanka Kyari!"

Ya ce, "Na gan ka. Gusa, bawa. Ba don in ga Babarbare na yarda aka sa mini wuƙa a ido ba. Ka tare mini mai turmi."